Tambaya da Amsa: Labarin bauta da bai ba masu karatu tausayi ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta ƙagaggen labari a kan wata baiwa a Kano kafin zuwan Turawa. Waɗanda suka karanta babukan farko sun ce duka da jini sun yi yawa, amma tausayinta bai kama su ba. A ina na yi kuskure? Daga wata marubuciya a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Idan bulala ta sauka a kowane babi, zuciyar mai karatu dakewa take yi. Wuri biyu ko uku sun isa a littafi guda, sannan ki tsaya a kan abin da ya biyo baya: wa ya gasa mata raunin da ruwan zafi, wa ya kau da kai, yaya ta durƙusa ta gai da uwargida washegari.

Abin da ya fi cin rai a irin wannan labari shi ne raba uwa da ɗa. Dubi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. Umar kansa ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa har ya zama malami. Wahalar a kan mahaifiyarsa ta ƙare: ta fita nemansa, aka yaudare ta, aka mai da ita baiwa, aka ƙetare hamada da ita, kuma da suka haɗu ba ta daɗe ba ta rasu. A ganinmu, ba don ita ba da littafin ya sassauta wa bauta fiye da kima.

Haka marubuciyar Amurka Toni Morrison ta yi a littafinta Beloved, na 1987. Ta gina shi a kan Margaret Garner, baiwar da ta tsere daga Kentucky a 1856, ta kashe 'yarta da hannunta don kada a mayar da ita cikin bauta. Morrison ba ta buɗe littafin da kisan ba. Sai da mai karatu ya san uwar sosai, sannan aka nuna masa abin ta idon waɗanda suka zo kama ta.

Sai dai kada ki kwaso gonar audugar Amurka ki dasa a Kano, domin nan ne yawancin sababbin marubuta ke zamewa. A Bajiniya ta Amurka, dokar 1662 ta ce ɗa matsayin uwarsa yake bi, ko da ubangidan ne ya haife shi. A Kano kuwa, bisa mazhabar Malikiyya, wanda ƙwarƙwara ta haifa wa ubangidanta ɗa ne, yana cin gado, ita kuma ba a sayar da ita, kuma tana 'yantuwa idan ya rasu. Wanda bawa da baiwa suka haifa shi ne bacucane. Ki lura ma da kalmar "ɗa": ita ce wanda aka haifa, ita ce kuma kishiyar bawa. 'Ya'ya biyu, uwarsu ɗaya, wannan ɗa wancan bacucane, sun ishe ki littafi.

Tantance matsayin kowa tun kafin ki ci gaba. Bawan rinji (ƙauyen bayi) da ke noma daban yake da bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, waɗanda 'ya'ya ma ke shakkarsu. Akwai mai biyan ubangidansa murgu, wato kuɗin da ke ba shi damar yin sana'ar kansa, akwai mai tara kuɗin fansa, kuma da kuɗin wuri ake lissafin, ba sule ba. Idan labarin zai wuce 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano, ki tuna cewa dokar Gwamna Lugga ta 'yantar da waɗanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ne, iyayensu kuwa ba a soke bautarsu baki ɗaya ba sai 1936.