Dalilin da ya sa 'yan wasan besbol suke saka lamba 42

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ka ga duka 'yan wasan besbol na Amurka sanye da lamba 42 a rana guda. Lambar Jackie Robinson ce, wani ɗan wasan besbol baƙar fata. An jingine ta a 1997, ba a ƙara ba wani sabon ɗan wasa ita, sai dai duk ranar 15 ga Afrilu kowa ya saka don tunawa da shi.

A irin wannan rana a 1947 ya fara buga wa Brooklyn Dodgers, lokacin da aka shafe shekara fiye da hamsin babu baƙar fata a babbar gasar besbol ta Amurka. Shugaban ƙungiyar, Branch Rickey, ya gindaya masa sharaɗin kada ya rama ko me aka yi masa. Wannan ne abin da ya fi taɓa ni, domin Jackie ba mai haɗiye raini ba ne: a 1944, yana soja, ya ƙi komawa kujerun baya na bas da aka ce ya koma saboda launin fatarsa, har aka gurfanar da shi kotun soja, aka wanke shi. Amma ya daure wa zagi daga 'yan kallo, da wasiƙun barazanar kisa, da otal-otal da suka hana shi ɗaki.

A 1949 shi ne gwarzon gasarsu, a 1955 suka ci kofin World Series, wato kofin zakarun besbol na Amurka. Ya rasu a 1972 yana da shekara 53.