Amsa ga Hajiya: su Murphy ba gida ɗaya ba ne

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara girma. Tun shekaranjiya na ga tambayarki, aikin dare ne ya hana ni zama in amsa. Kin ce ɗanki da ya tafi karatu Ailan ya gaya miki mai gidan da yake haya Murphy ne, malaminsa Murphy, har direban bas ɗin unguwarsu Murphy, shi ne kike son sanin ko ƙabila ce, ko kuwa wani gidan sarauta ne da ya mallake ƙasar. Shekarata 11 ina aikin jinya a Cork, kuma a Ailan duka babu inda sunan nan ya yi sansani kamar nan da Wexford.

Ni ma sunan ya taɓa ba ni kunya. A makona na farko aka kwantar da tsofaffi biyu a ɗaki guda, sunan yanka ɗaya, kuma dukansu Murphy. Ɗaya mai ciwon suga ne, ɗaya ƙafa ya karya. Na ɗauko farantin abincin mai karaya, har da ɗan kek a gefe, na nufi gadon mai suga. Babbar nas ɗinmu ta riƙe mini hannu, ta nuna mini wata 'yar takardar gargaɗi da aka manna a fayil ɗin kowannensu, ta ce a ƙasar nan ba a ba mutum ko ruwa da suna kaɗai, sai ya faɗi ranar haihuwarsa. Don in rage kunya na tambaye ta ko wa da ƙane ne. Ta yi dariya har da hawaye, ta juyo mini da katin da ke rataye a wuyanta. Ita ma Murphy ce, kuma ba ta taɓa ganin ko ɗayansu ba.

Asalin sunan ba Turanci ba ne. Mutanen Ailan suna da harshensu, Gaeilge, kuma a cikinsa ana rubuta shi Ó Murchadha, ko Ó Murchú a rubutun zamani. Idan suka furta sai ki ji kamar "O Murakhu", da wannan sautin maƙogwaro na harafin kha da muka koya a allo. Ó na nufin jika, Mac kuma ɗa. Murchadh sunan yanka ne na maza, an haɗa shi daga kalmar teku da kalmar yaƙi, wato mayaƙin teku. Kenan Murphy dai "jikan Murchadh" ne, a arewacin tsibirin kuma akwai "ɗan Murchadh", Mac Murchadha, waɗanda yawancinsu su ma suka koma Murphy. Mace ba ta ɗaukar Ó: 'yar gidan Ní Mhurchú ce, matar gidan Uí Mhurchú.

Ga inda abin ya bambanta da namu. A wurinmu Musa ɗan Garba shi ne Musa Garba, ɗansa kuma Sani Musa, sunan yana tafiya da zamani, in ya yi nisa a liƙa sunan gari ko unguwa. Su kuwa tun wajen shekara 1,000 da suka wuce suka tsaya a kan kaka guda, ba su sake motsawa ba, suna cikin na farko a Turai da suka yi haka. Su O'Brien, alal misali, jikokin Sarki Brian Boru ne da aka kashe a yaƙin Clontarf a 1014. To sunan Murchadh a wancan zamani kamar Garba ne ko Audu a wurinmu, kowane gari akwai shi. Ki ƙaddara a ce daga yau duk zuriyar wani Garba za a riƙa kiransu Jikan Garba har abada: na Katsina, na Damagaram, na Bauchi. Bayan shekara 1,000 za su cika ƙasa, alhali ba abin da ya haɗa su sai suna. Haka aka samu Murphy na Wexford daban, na Cork daban, na Roscommon daban, na Tyrone da Armagh daban.

Batun sarauta ba ki yi kuskure gaba ɗaya ba. Murphy na Wexford dangin sarakunan Leinster ne na da, wato lardin gabashin Ailan, gidan su Diarmait Mac Murchada, wanda da aka tuɓe shi a 1166 ya haye teku ya nemo taimakon mayaƙan Norman daga Ingila. Suka sauka a 1169, ya aurar da 'yarsa Aoife ga jagoransu Strongbow, shi ya rasu a 1171, baƙin kuma suka ƙi tafiya. Har gobe ba a ambatonsa da alheri. Duk da haka kusan duk Murphy ɗin da na taɓa zolaya sai ya ce mini jinin sarauta ne. Nakan ce musu in kowa kakansa sarki ne, to wa ya yi noman? Wanda suka fi alfahari da shi ma ba sarki ba ne, limamin coci ne, Fada John Murphy na Boolavogue, da ya ja talakawan Wexford a tawayen da aka yi wa mulkin Ingila a 1798 aka kama shi aka rataye a Tullow.

Yadda Ó Murchadha ya zama Murphy aikin akawu ne. Da mulkin Ingila ya kafu, masu rubuta haraji da takardun gonaki ba su jin Gaeilge, Turanci kuma ba shi da wancan sautin maƙogwaro, sai suka rubuta abin da kunnensu ya ba su. Mutane da kansu suka riƙa yar da Ó da Mac don neman aiki da kauce wa wulaƙanci. Bayan kafa ƙungiyar farfaɗo da harshen a 1893, gidaje da yawa sun maido da nasu, shi ya sa kike jin O'Sullivan da O'Connor. Su Murphy ba su damu ba, da wuya ki ji O'Murphy. Mu da aka mayar mana da Sakkwato Sokoto, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Yawansu kuwa a rubuce yake. Wani babban jami'in rajista, Robert Matheson, ya bi haihuwar da aka yi a 1890 ya ƙiyasta masu sunan Murphy 62,600, Kelly na biye da 55,900, sai Sullivan 43,600. Mutanen tsibirin a lokacin kusan miliyan 4.7 ne, wato a cikin mutum 75 ɗaya Murphy ne. Har a 'yan shekarun nan, idan hukumar ƙididdiga ta fitar da sunayen dangin jarirai, Murphy ke kan gaba. Kuma wannan bayan yunwar 1845 zuwa 1852 ne, lokacin da cuta ta ruɓar da dankali, mutum wajen miliyan 1 suka mutu, wasu kamar haka suka yi hijira. Tashar jirgin ruwan Cobh ba ta kai tafiyar awa ɗaya daga gidana ba, daga nan da yawa suka tashi. Yau Murphy ɗin da ke Amurka sun haura 300,000, sun ninka na gida. Sunan ya manne wa ƙasar har Turawan Ingila suka taɓa yi wa dankali laƙabi da "murphy", dankalin nan dai na Filato da muke cewa Airish a kasuwa. Jarumin fim Cillian Murphy da ya ci kyautar Oscar a 2024 ɗan Cork ne, mutanen garin ba su bar mu mun huta ba a makon.

A ƙauye laƙabi ke raba su, kamar yadda muke cewa Audu Dogo da Audu Mai Shayi: Murphy Ja, Murphy na bakin gada, ko a jero sunan uba da na kaka. Kafin a ba kowane gida lambarsa ta Eircode a 2015, gidajen karkara da yawa ba su da lamba ko kaɗan, ɗan aiken gidan waya ne ya san wasiƙar wane Murphy ce. Don haka in za ki aika wa yaron kaya ta hannun mai gidansa, ki sa ya turo miki lambar nan mai harufa da alƙaluma 7, ki rubuta ta ɓaro-ɓaro a jikin kwalin. Wani abokina yajinsa da kukarsa sun yi mako biyu a gidan wata tsohuwa Murphy da ke can ƙarshen layi, tana ta juya ledar kukar tana tunanin ko ganyen shayi ne.