Ba Python ɗin ne ya lalace ba, yarona

Na ga saƙonka, ka ce firogram ɗin da ka rubuta na warware ax² + bx + c = 0 ya yi aiki lafiya lau da ka sa 1, -5, 6 a matsayin a, b da c, ya ba ka 3 da 2, amma da ka sa 1, 1, 1 sai ya ƙi, yana ta math domain error, wai ko ka goge Python ɗin ka sake saukewa. Haba, kar ka ƙona datarka a banza.

Ɗauko biro da takarda tukuna. b² - 4ac a nan 1 - 4 ne, ya zama -3 ko? Toh math.sqrt, wanda ke ciro maka square root ɗin wannan lissafin, ba ya karɓar lambar da ta gaza sifili, shi ya sa ya cije. Ka fara zuba wannan lissafin cikin wani suna, ka kira shi d, ka tare shi da if kafin ka kai ga sqrt, in d ya haura sifili amsa biyu ce, in sifili ne cif amsa ɗaya, in ya gaza sai ka buga wa mutum cewa babu amsa cikin lambobin da ya saba da su, ko ka jawo cmath, ɓangaren Python da sqrt ɗinsa ke karɓar lambar da ta gaza sifili, in karatunku ya kai can. Ko Alhawarizmi da ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820 bai yi hulɗa da lambobin ƙasa da sifili ba, balle kai da ka fara jiya.

Amma wallahi abin da ya fi damuna ba shi ka tambaya ba. A hoton da ka turo, layin ƙasa ka rubuta /2*a haka tsirara babu baka. Kwamfuta daga hagu take bi, za ta raba da 2 sannan ta ninka da a, kai kuma raba wa da 2a kake nufi, kuma tunda duk gwajin da ka yi a ɗinka 1 ne shi ya sa asiri bai tonu ba. Sa 2, -7, 3 ka gani. Amsar gaskiya 3 da 0.5, naka zai ba ka 12 da 2, shiru, ko tari ba zai yi ba. Irin wannan ya taɓa cina lokacin ina koyo, sai da ogana ya zaunar da ni na yi da hannu, ranar na sha kunya. Mai da shi /(2*a).

In ka gyara ka gwada a = 0 ma, ka turo min abin da ya ce, sai mu yi maganarsa bayan la'asar a shago.