Lupus da salmonela: masassarar da ta tafi ta dawo

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Daga Tawa nake rubuto maka. Ɗiyata mai shekara 24 tana da lupus, ciwon da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita, shekara uku ke nan, tana shan Cortancyl da Plaquenil da CellCept, sai omefirazol saboda ciki. Tun bayan ƙaramar salla masassara ke kama ta. Da farko aka ce palu ne, wato masassarar cizon sauro, aka yi magani. Daga baya a wani kilinik aka yi mata gwajin jini na Widal, aka ce taifot ce, aka ba ta ƙwayoyi na kwana biyar. Ta ji sauƙi, bayan mako uku masassarar ta dawo, yanzu har da ciwon ƙugu na dama, da ƙyar take takawa. Da muka zo Yamai aka ɗebi jini, aka ce an ga salmonela, amma ba ta taifot ba. Abin da ya ɗaure mini kai, ko zawo sau ɗaya ba ta yi ba. Dangi kuma na cewa magungunan lupus ne suka kashe mata jiki, a dakatar da su. Me za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ta lafiya, ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya.

Bari in fara da maganar dangi, don ita ce ta fi gaggawa. Don Allah kada ta daina shan Cortancyl, wato ƙwayar kortizon, da kanta, ko na kwana ɗaya. Jikin mutum yana yin nasa kortizon a wasu ƴan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda. Idan aka daɗe ana shan na ƙwaya, waɗannan halittu sukan yi barci, ba sa farkawa dare ɗaya. Wanda ya yanke magani kwatsam, ga kuma cuta a jini, yana iya faɗuwa da amai da jiri, ƙarfin bugun jininsa ya yi ƙasa har ya suma, wani ma ba ya tashi. Dangin suna da ɓangaren gaskiya, domin magungunan suna rage garkuwar jiki. Shi ya sa likita kan ajiye CellCept na ɗan lokaci idan cuta mai tsanani ta shiga jini. Plaquenil kuwa akan bar shi, don ba shi ne mai laifin ba. Amma wannan hukunci na likitan da ke bibiyar lupus ɗinta ne, yana kallon ƙodarta da sakamakon jininta.

Salmonela babban dangi ce na ƙwayoyin cuta, ta haura iri 2,500. Wadda ke kawo taifot a jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa. Sauran suna cikin hanjin kaji da zabi da shanu da awaki, har da ƙadangarun da ke yawo a bangon gida. Ki duba takardar awon, mai yiwuwa ki ga an rubuta Typhimurium ko Enteritidis, su biyun ne aka fi samu a jinin marasa lafiya a nahiyarmu. Idan mai ƙoshin lafiya ya ci su a abinci, zawo ne da murɗar ciki na kwana huɗu zuwa bakwai, ya sha ruwan gishiri da sukari, ya miƙe. Zawon nan alamar faɗa ce: jiki ya tare abokin gaba a bakin ƙofa, wato hanji, ana ta gumurzu a can. A jikin ɗiyarki ba a yi wannan faɗan ba. Ƙwayar cutar ta ratsa bangon hanji shiru, ta faɗa jini. Don haka rashin zawon da ya ɗaure miki kai, mu a wajenmu ƙara mana damuwa yake.

Me ya sa mai lupus? Akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da aikinsu haɗiye ƙwayar cuta su narkar da ita. Salmonela ta ƙware wajen zama a cikin cikinsu da rai, ta mai da mai gadi abin hawa, ya kai ta hanta da saifa da ɓargo. Kafin mai gadin ya iya kashe ta sai an zaburar da shi, kuma kortizon da CellCept wannan zaburarwar suke danne wa. Lupus kansa yana cinye wasu sinadaran jini masu yi wa ƙwayar cuta shaida don a gane ta, su ne C3 da C4 da kike gani a takardunta. A wasu masu lupus saifa takan yi rauni wajen tace jini, a wasu kuma jajayen ƙwayoyin jini ke fashewa su saki ƙarfen da salmonela ke ƙiba da shi. Duk wanda ya yi jinyar mai sikila zai gane wannan hoto, domin su ma ta nan salmonela ke shigar musu ƙashi. Sai omefirazol: tsamin ciki shi ne shinge na farko da ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da aka haɗiye, shi kuma maganin rage tsamin yake yi. Ki tambayi likitanta ko har yanzu tana bukatarsa.

Ƙugun nan shi ya fi tsaya mini a rai. Lupus da kortizon sukan toshe ƴan ƙananan hanyoyin jini da ke ciyar da kan ƙashin cinya, wani sashe nasa ya mutu. Salmonela na son irin wannan wuri, domin inda jini ba ya kai wa, garkuwa ba ta kai wa, magani ma da ƙyar. Na taɓa duba wata matashiya mai irin wannan labari. Tana kwance ta ɗan lanƙwashe ƙafar, ta juya ta waje, ta tokare gwiwa da matashin kai. Da na kama diddige na ɗan murza kaɗan, sai ta riƙe ƙarfen gado tana salati. Hoton radiyo bai nuna komai ba, amma da aka sa allura a gaɓar, mugunya ta cika sirinji. Ina faɗa miki wannan ne don kada hoton radiyo mai kyau ya kwantar miki da hankali, don a makonnin farko sau da yawa ba ya gani. A yi ekogirafi, irin hoton da ake yi wa masu ciki, a duba ko ruwa ya taru, a yi hoton IRM mai nuna cikin ƙashi da gaɓa in da hali, kuma likitan ƙashi ya gan ta a wannan makon. Idan akwai mugunya, dole a fitar da ita. Kafin nan kada ta ɗora nauyi a ƙafar, kuma kada a kai ta wajen mai ɗori ko a yi mata tausa.

Game da Widal, gwaji ne da wani likitan Faransa ya ƙirƙiro tun 1896. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, martanin jiki yake aunawa. Wanda ya taɓa yin taifot shekarun baya, ko mai palu, yana iya nuna alama alhali ba ya da ita, balle mai lupus da jininta ke cike da martani barkatai. Awon da ya faɗi gaskiya shi ne emokultir da aka yi a Yamai, inda ake zuba jini a kwalba a rene shi kwanaki a ga abin da zai tsiro. Kuma ko da gwajin palu ya nuna akwai, hakan bai wanke salmonela ba, sukan zo tare, palu ma yana share mata hanya.

Kwana biyar ɗin da aka ba ta sun danne cutar ne kawai. Ga mai raunin garkuwa da salmonela ta shiga jininta, mafi ƙaranci mako biyu ne, akan kai har shida. In ta taɓa ƙashi ko gaɓa, ki sa a ranki mako huɗu zuwa shida ko fiye, ana farawa da allura ta jijiya. Ki nemi takarda ta biyu mai suna antibiyogiram, ita ke nuna maganin da zai ci wannan ƙwayar. Da yawa daga salmonelar Afirka sun daina jin ampisilin da kuloramfenikol da Bactrim, shi ya sa aka fi komawa ga seftiriyakzon ko sifirofulokzasin. Shi Bactrim ma mukan yi kaffa-kaffa da shi a masu lupus, don yana yawan tayar musu da ƙuraje, wani lokaci da lupus ɗin kansa. Sifiro kuma idan ya haɗu da kortizon yana iya raunana agara har ta tsinke, idan ya haɗu da Plaquenil yana iya taɓa bugun zuciya. Ba haramun ba ne, amma duk likitan da zai rubuta mata odonas, wato takardar magani, a ajiye masa ledar magungunanta gaba ɗaya a kan tebur. Don zafin ƙugu ta tsaya ga farasitamol. Dikulofenak da ibufurofen na masu talla a tire suna cutar da ƙodar mai lupus.

Wata matsala da za ku riƙa cin karo da ita: lupus ma yana kawo masassara da ciwon gaɓoɓi idan ya motsa. Maganin motsin lupus ƙara kortizon ne, wanda kuma idan cuta ce a jini, an zuba wa wuta fetur. Muna da ƴan alamu. Awon jini na CRP, mai nuna kumburi a jiki, yakan yi sama sosai idan ƙwayar cuta ce, a motsin lupus yawanci kaɗan yake hawa. Ƙarkarwa mai kaɗa haƙora ma ta fi karkata ga cuta. Amma babu alamar da ta kai kwalbar emokultir, kuma a ɗebi jinin kafin a haɗiyi ƙwayar magani ta farko. Ki sani kortizon yana ɓoye zafin jiki, don haka digiri 38 a jikinta ya isa a tashi a tafi asibiti a ranar.

Sai kicin. Na san al'adarmu idan mutum ya yi jinya ya rame, a fasa masa ɗanyen ƙwai a madara don ya ƙara jini. Ita wannan ƙauna ba ta dace da ɗiyarki ba. Ƙwai sai wanda gwaiduwarsa ta daskare, kuma ban da mayonez na haɗin gida. Nono a tafasa shi kafin a kwantar, fura da nono na kasuwa ta haƙura. Cukun Tawa in ba ki tabbatar da tafasasshiyar madara aka yi shi ba, shi ma haka. Kaza ta dahu har ƙashi, babu ja a ciki. Wuƙa da farantin da aka gyara kaza da su kada su taɓa tumatir ko salak sai an wanke da sabulu. Tsire da balangu ta ci wanda aka sauke daga wuta a gabanta. Ruwan garuwa da na rijiya a tafasa ko a sa Aquatabs, ƙwayar tsarkake ruwa, ƙanƙarar da ba ki san ruwanta ba a bar ta. Ranar da wuta ta daɗe a ɗauke a zafin bazara, naman da ya kwana a firji ba nata ba ne. Sharar akurkin kaji da gyaran kayan cikin ragon layya kuma a ba wani.

Rigakafin taifot na allura ba ya ɗauke da ƙwaya mai rai, tana iya karɓa idan ta warke, amma na sha ba a ba wa mai irin magungunanta. Sai dai wannan rigakafi ba ya kare irin salmonelar da ta kama ta, har yanzu babu allurar da ake yi dominta.

Cutar takan dawo a masu lupus, musamman a watannin farko bayan gama magani. Tunda tsakanin Tawa da Yamai ya haura kilomita 500, kafin ku koma gida ki roƙi likitanta ya rubuta miki takarda guda mai ɗauke da sunan ƙwayar, maganin da ya ci ta, ranar da aka fara da ranar da za a gama, da ranar da za a mayar da CellCept. Ki ɗauki hotonta a waya. Duk ranar da masassara ta sake taɓa ta, wannan takardar za ki fara miƙa wa likitan da ke aiki a babban asibitin Tawa.