Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Ƙarar da Ta Ƙi Barin Kunne Bayan Biki

Assalamu alaikum Likita. Sati biyu ke nan da bikin yayana. A wajen dina kujerata tana jikin sifikar mai kiɗa, har wajen ƙarfe ɗayan dare. Tun ranar kunnuwana ke tsuwwa kamar kukan gyare, musamman in dare ya tsala. Barci ya gagare ni. Kurmancewa zan yi? Ɗalibi daga Zariya.

Wa alaikumus salam. Sannu ƙanena, Allah ya ba ka lafiya. Ita tsuwwar ba ta kurmantar da mutum, amma shaida ce cewa kunnen ya sha wuya a daren.

Can ciki, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan sashe mai siffar dodon koɗi. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta kimanin 15,000, kowace da 'yan siraran gashi a kanta, su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani takan kwantar da su kamar yadda iska ke kwantar da yabanya. Wasu sukan miƙe cikin kwana ɗaya ko biyu, wasu sai an ɗau lokaci, wadda ta mutu kuwa ba ta sake tofowa. Idan saƙon da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu, sai ta ƙara kasa kunne, har ta riƙa jin abin da babu shi a waje.

Da desibel ake auna ƙara. Masana lafiyar ma'aikata sun ɗauki 85 a matsayin abin da kunne zai jure na awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin gida biyu. A kan 100, minti 15 ne kacal. Sifikar da kake jin dukanta a ƙirjinka, har ruwan kofi yana rawa a kan tebur, ta kai nan.

Ga mafi yawan mutane tsuwwar kan ragu cikin makonni zuwa watanni. Wanda tasa ta zauna ma, a hankali ƙwaƙwalwa kan daina kula ta, kamar mai gida a bakin titi da ƙarar motoci. Tsoro da yawan sauraronta ne ke ƙara mata ƙarfi. Da dare ka bar fanka a kunne, ko rediyo ƙasa-ƙasa. Kada ka toshe kunne da auduga a ɗaki shiru, don sai ta fi fitowa. Ka hutar da kunnen daga kiɗa mai ƙarfi.

Tunda ta kai sati biyu, ka je a gwada jinka. Akwai likitocin kunne a asibitin koyarwa na Shika, ga kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Amma in ji ya ɗauke a kunne ɗaya farat ɗaya, ko akwai jiri, ko ƙarar tana bugawa tare da bugun zuciya, kada ka kwana ba ka ga likita ba. Ɗaukewar ji ta farat ɗaya tana da magani, kuma a kwanakin farko ya fi aiki.

Likita, maigidana injin niƙa yake yi shekara 12, kunnensa ba ya rabuwa da ƙara. An ce mu ɗiga ruwan albasa ko man zaitun. Uwargida daga Gusau.

Hajiya, don Allah kada ku ɗiga. Inda matsalar take, ɗigo ba ya isa can, kuma in dodon kunne ya huje sai a jawo ciwo. A fara duba ko dauɗar kunne ce ta toshe, a auna hawan jini, a gwada ji. Abin da ya fi damuna shi ne gobe ma injin zai koma. Ku nemi soson toshe kunne irin na ma'aikatan masana'anta, ba shi da tsada, ya sa duk lokacin da injin ke aiki. In gwaji ya nuna jinsa ya ragu, na'urar ƙara ji takan rage ƙarar ma.

An ba ni kwinin saboda zazzaɓi, kunnena ya kama ƙara. Daga Maraɗi.

Kwinin yana yin haka, kuma yawanci yakan wuce bayan an gama shan maganin. Kada ka daina da kanka, ka sanar da wanda ya rubuta maka. Asfirin mai yawa da allurar jentamaisin su ma suna taɓa kunne.

Ina zuwa biki da goyona ɗan wata 7. Akwai matsala? Daga Kano.

Akwai, 'yar'uwa. Raina yakan ɓaci in na ga jariri a baya, kansa daidai bakin sifika, ana cewa ai barci yake. Shi ba zai iya cewa kunnensa na tsuwwa ba. In sai kin ɗaga murya kafin ta kusa da ke ta ji ki, ki fita da shi waje, ko ki bar shi gida wajen kakarsa.