Amsa ga mai koyon aiki kan musayar matasa da gogaggun majefa

Ɗana, ka tambaye ni ko ya dace ƙungiyar besbol da ke sake gina kanta ta ba da matasan da take reno a ƙananan rukunai, ta karɓi gogaggun majefa masu buɗe wasa, wato 'yan wasan da ke fara jefa wa masu bugu ƙwallo, tunda rashinsu ne ke kayar da ita kullum. Amsata ita ce bai dace ba, matuƙar 'yan wasan da za a ci kofi da su ba su hau babban rukuni sun zauna da gindinsu ba. Wanda bai gama katanga ba, ba ya sayen kwanon rufi da kuɗin bulo.

Fara da lissafin shekaru, domin a nan ne masu sabon hannu suka fi tuntuɓe. A babbar gasar Amurka, matashin da ƙungiya ta ɗaga yana hannunta har kakar wasa shida kafin ya samu 'yancin tafiya inda ya ga dama, kuma a ukun farko albashinsa bai wuce mafi ƙanƙanta da doka ta yanka ba sosai, wanda a 2024 dala 740,000 ne. Gogaggen majefin da ake tallarsa kuwa, galibi saura masa shekara ɗaya ko biyu a kwantiragi, shi ya sa ma masu shi suke neman rabuwa da shi. Sannan ka tuna wasa 162 ake yi a kaka, mai buɗe jifa kuma sau ɗaya yake fitowa cikin kowane wasa biyar. A ƙiyasin masu ƙididdiga, gwanin gaske yakan ƙara wa ƙungiya nasara biyar ko shida bisa wanda za a sa a gurbinsa. Ƙungiyar da ta ci wasa 67 za ta koma 73, watan Oktoba, lokacin wasannin neman kofi, ya same ta a gida tana kallon wasu, kuma ranar da matasanta suka nuna, shi majefin ya daɗe da tafiya.

Akwai kuma batun hannu. Jijiyar gwiwar hannun majefi ba ta ba da sanarwa kafin ta tsinke, kuma tiyatar da likita Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974 takan zaunar da mutum fiye da shekara guda. Idan shekara biyu ka saya, tiyata ɗaya ta cinye maka kusan duka.

Ina so ka riƙe sunan mutum ɗaya, James Shields, domin an yi cinikinsa sau biyu a hanyar da za ta koya maka aikin nan fiye da dogon bayani. A Disamban 2012 Kansas City Royals ta ba Tampa Bay matashinta mafi daraja, Wil Myers, tare da Jake Odorizzi da wasu biyu, ta karɓi Shields da Wade Davis. An yi mata ca, tunda wasa 72 kacal ta ci a kakar da ta gabata, Myers kuma ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa na rukuninsa a 2013. Abin da masu sukar ba su auna ba shi ne Eric Hosmer da Mike Moustakas da Salvador Pérez da Lorenzo Cain da Alex Gordon duk sun riga sun hau babban rukuni, majefa kawai ake jira. Kansas City ta ci wasa 86 a 2013, ta kai wasan ƙarshe na World Series, wato karawar da ake ɗaukar kofin gasar, a 2014, ta ɗauki kofin a 2015. A lokacin Shields ya riga ya bar ta, amma Davis ne ya yi jifan da ya rufe gasar.

A Yunin 2016 Chicago White Sox ta sayi Shields ɗin nan dai daga San Diego, yana da shekara 34 kuma ƙarfin hannunsa ya fara ja da baya. Cikin abin da ta bayar har da wani yaro ɗan shekara 17 wanda bai taɓa buga wasan ƙwararru ba, Fernando Tatís Jr. Ta gama kakar da nasara 78, kafin shekarar ta ƙare ta sayar da babban majefinta Chris Sale ta koma ginin da ya kamata ta fara tun farko, yaron kuma a 2021 San Diego ta ba shi kwantiragin shekara 14 na dala miliyan 340. White Sox ta ruɗi kanta ne game da inda take tsaye. Haka Pittsburgh ta yi a 2018 da ta ba da Tyler Glasnow da Austin Meadows da Shane Baz don majefi Chris Archer, ta sha kaye 93 a kaka ta gaba.

Kada ka ɗauka ina cewa a rungume matasa kamar dukiyar gado. Da yawansu ba sa zama abin da aka yi zato, musamman majefa, kuma ƙungiyar da lokacinta ya yi amma ta ƙi buɗe hannu ita ma ta yi asara. Houston ta sha kaye sama da 100 shekara uku a jere daga 2011 zuwa 2013, ba ta ɗauko gogaggen majefi Justin Verlander ba sai ƙarshen Agustan 2017, lokacin da take saman rukuninta.

To me mai gini zai yi kafin nan, tunda dole wani ya yi jifa? Dubi Chicago Cubs. Ita ce ta riƙa sayar da gogaggu: ta ba da Ryan Dempster a 2012 ta samu Kyle Hendricks, ta ba da Scott Feldman a 2013 ta samu Jake Arrieta, wanda Baltimore ta gaji da shi bayan ya kasa daidaita jifansa. Da ta ga matasanta sun kusa, sai ta ɗauko Jon Lester a Disamban 2014 da tsabar kuɗi, dala miliyan 155 na shekara shida, ba ta taɓa yaro ko ɗaya ba. Hendricks da Arrieta da Lester ne ginshiƙan jifanta a 2016, shekarar da ta ci kofin da ta yi shekara 108 tana nema. A ganina wannan ita ce hanyar da ta fi tsafta, ko da yake ba kowane mai ƙungiya ne ke da aljihu irin na Chicago ba.

Saboda haka, idan shugabanni suka miƙo maka takardar wata musaya suka ce ka faɗi ra'ayinka, rubuta shekarar da kwantiragin majefin zai ƙare kusa da shekarar da kake ganin ƙungiya za ta iya takarar kofi da gaske, ka ga ko sun haɗu. Nemi bayanan likita, ka duba ko saurin jifansa ya ragu a kakanni biyu na baya. Daga nan ka sauka zuwa sunan ƙarshe a jerin yaran da za a bayar, wanda ɗaya ɓangaren ya nemi a ƙara masa kamar gyara, ka tambayi kociyoyin ƙaramin rukunin da yake, ka je filin da kanka ka kalle shi kwana da kwanaki kafin ka sa hannu a rahoton.