Tsiron dawarmu ba na burkutu ba ne

Ɗiyata, ina gaishe ki da gida, da maigidan da yara. Na ga tambayarki a kan bidiyon nan da kika gani a Facebook, na matan unguwarmu a nan Gadarif ta ƙasar Sudan suna baza tsiron dawa a rana. Kin ce hankalinki ya tashi, domin a wajenku in aka ga mace tana tsirar da dawa buhu guda, to burkutu za ta dafa. Kika ce ko zaman da muka yi cikin wasu mutane ne ya sa muka sassauta. Ban ji haushin tambayar ba. Wanda ya yi tambaya ya fi wanda ya tafi da zato a ciki, shi ya sa na zauna in amsa miki a tsanake.

Abin da kika ga ana haɗawa sunansa hilu mur, wato mai zaƙi da ɗaci, wasu kuma su ce abre ja. Shi ne abin shan azumi a Sudan, daga gidan attajiri har bukkar mai gadin gona. Ba mu muka zo da shi ba. Kakan mahaifina yana cikin mutanen da suka yiwo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar tare da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, a garin da har yau ake kira da sunansa. Abin da suka sani shi ne fura da kunu. A nan matanmu suka tarar da hilu mur, suka koya a wajen maƙwabta, kamar yadda maƙwabtan suka karɓi agashe da godogodo daga hannunmu har suka zama abincin kowa. Yau in kika shiga gidan Bahaushe a watan Sha'aban ba ki ji wannan ƙamshin ba, sai ki tambaya ko lafiya.

Tun cikin Rajab ake soma aikin. Dawar da aka fi so ita ce feterita. A jiƙa ta, a tsame, a shimfiɗa a kan buhunan algarara a cikin inuwa, a rufe, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Kwana kaɗan za ki ɗaga buhun ki ga saiwoyi sun sarƙe kamar tabarma, sun yi jaja-jaja, wani ɗumi yana tasowa daga ciki. Wannan tsiron Larabawan nan ke kira zirri'a. Shi kika gani a rana. In ya bushe ƙayau sai a kai niƙa.

Ranar dama kuwa, da garin dawa marar tsiro ake farawa, a yi talge mai kauri a babbar tukunya. Kafin ya huce sai a zuba garin tsiron ana juyawa da muciya. A nan abin mamakin yake, kuma na fi shekara arba'in ina gani bai daina burge ni ba: talgen da muciya ke tsayawa a cikinsa sai ya saki jiki a kan idonki, ya tsinke, ki ɗanɗana ki ji zaƙi alhali ba a sa sukari ko ƙwaya ɗaya ba. Tsiron ne ke narkar da garin ya mai da shi zaƙi. Sai kayan ƙamshi, kuma a nan kowane gida ke da nasa hannu: citta, kirfa, hulba, habbatus sauda, kamun, kazbara, habahan, ruwan tsamiya, da soɓo don launi. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, mai yawan hulba ce, shi ya sa namu ya fi na maƙwabta ɗaci, kuma har yau in na sha wanda hulbarsa ta yi kaɗan sai in ji kamar ba a gama ba. Daga nan a rufe ƙullun ya kwana ɗaya ko biyu, ya yi tsami.

To ga inda tsoronki yake, kuma ba zan rufe ki ba: giyar gargajiya ta ƙasar nan, marisa, ita ma da dawa da wannan tsiron ake yin ta, ƴar'uwar burkutu ce. Tushensu ɗaya. Bambancin yana wajen da wuta ke shigowa. Mai marisa tana gasa ƙullunta tun a tsakiyar aiki, sannan ta zuba tsiro da ruwa ta bar shi ya yi ta tashi yana kumfa, a tace a sha a haka da ransa. Mu kuwa wuta ce ƙarshen aikinmu. Ƙullun da ya yi tsami a kan baƙin ƙarfe mai zafi yake ƙarewa, ya gasu har ya yi ja mai duhu, abin da ke sa shi tashi ya mutu, ɗan abin da ya soma taruwa ya bi hayaƙi. Abin da ake ɗagowa daga kan ƙarfen busasshen abu ne da za ki ajiye a kwali shekara guda. Malamanmu na nan, waɗanda Risala da Iziyya ɗin da ake karantawa a Sakkwato su suka karanta, da shi suke buɗa baki.

Ranar gashin ita ce ranar da na fi so a shekara. Awasa ake ce mata, kuma gayya ce: yau gidan wannan, gobe gidan waccan. Mace ta zauna a ƴar kujera gaban saj, faffaɗan ƙarfen da muke gasa kisra, wato gurasar dawa marar kauri, ta ɗebi ƙullu ta zuba, ta ja shi da gargariba, wani ɗan yanki na reshen dabino da bai fi tsawon tafin hannu ba, shafa ɗaya zuwa biyu ya bazu. In gefen ya soma ɗagowa ta naɗe shi gida-gida ta miƙa wa ta kusa da ita. Hayaƙi na cin ido, zufa na zuba, yara na zagaye suna jiran ɓaɓɓakakken gefe, ana soya bunnu a gefe ana zuba jabana, wato gahawa, a ƙananan finjalai. Ƙamshin tsiro da kirfa in suka haɗu da wuta, daga bakin layi ake jin sa. Wanda ya yi shekaru a Jidda ko Alƙahira, in kika tambaye shi abin da ya fi kewa, sau da yawa wannan zai ce miki.

Shansa ma da ladabinsa. Bayan la'asar a kakkarya naɗi biyu ko uku a ruwa, a bar shi ya jiƙu, a tace, a sa sukari daidai, a sanyaya. Launinsa kamar na shayin da ya dahu sosai. Kurɓar farko zaƙi ke fara zuwa, sai tsami ya biyo, sai ɗacin hulba da na gashi ya zauna a bayan harshe tare da ɗan yajin citta a maƙogwaro. Tsoffinmu da kurɓa ɗaya za su gaya miki ko tsiron ya wuce kwanansa, ko wutar ta yi yawa, ko an yi rowar tsamiya. Wanda ya cika masa sukari ya kashe shi, don ɗacin nan ne ke yanke ƙishirwar wanda ya wuni cikin zafin Gadarif. Kuma maza ba sa shan ruwa a cikin gida. Kowa ya fito da tirensa bakin titi a shimfiɗa tabarmi, ga asida, ga balila, ga jog na hilu mur daga gida biyar ko shida, baƙo ya ɗanɗana wannan ya ɗanɗana wancan. A ƙauyukan da ke kan hanyar Khartum zuwa Madani har motocin haya ake tarewa gab da magariba, a sauke fasinjoji a ciyar da su.

Akwai wani abin shan da ya fi cancantar tambayarki, shi ne sharbot. Na babbar salla ne. Dabino ake dafawa ko a jiƙa da kayan ƙamshi, a rufe, a sha bayan an ci nama don ciki ya sauka. Shi ba ya komawa kan wuta, saboda haka kwana ne ke hukunci a kansa. Na yau da na gobe ruwan dabino ne mai daɗi. In aka sa masa tsiro ko yis aka bar shi ya yi kwanaki a wannan zafin, ya zama wani abu dabam, kuma masu yin hakan sun san abin da suke nema. Kowace shekara sai an yi wa'azi a kansa. A gidanmu abin da aka riƙe shi ne hadisin da ya nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya shan jiƙon da ya wuce yammacin kwana na uku, da kuma wanda ya ce abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ni ba na ma kai shi uku. Da na ga kumfa ko na ji ya soma cizon harshe, sai in zubar. Haka ma jiƙon hilu mur, ba ma barin na yau ya kai gobe a waje. Hukuma ta hana giya tun Satumbar 1983, lokacin da shugaban ƙasa Numairi ya sa aka tuttular da kwalabe a Nilu, aka kuma sassauta wa waɗanda ba Musulmi ba a 2020, amma iyayenmu mata tun kafin dokar harshensu ne ma'auninsu.

Tun da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilun 2023, cikin azumi, gayyar ta canza. Gadarif ta cika da waɗanda suka baro gidajensu, kayan ƙamshi sun yi tsada, mai yin buhu ta koma kwano kaɗan. Amma ba a fasa ba. Bara wata baiwar Allah da ta gudo daga Omdurman ta zauna gaban saj ɗina, ta karɓi gargariba ba ta ce komai ba, tana shafawa hawaye na zuba, kuma ban taɓa ganin naɗi mai kyan nata ba.

In Allah ya kai mu Sha'aban zan ware miki naɗi goma, in nemi mai zuwa wajenku. Ki jiƙa biyu a ruwa kamar lita ɗaya da rabi, awa biyu ya isa, ki tace da kyalle mai tsabta. Ki fara kurɓa kafin ki sa sukari, sannan ki kai wa Inna nata, ki gaya mini abin da ta ce.